JA, RAWAYA DA KORE: YADDA LITTAFIN BASHI ZAI RIƘA TUNA MAKA DA KANSA

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwar wake na Iddo ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya. Mun buga shi kamar yadda ya gabatar, saboda waɗanda ba su samu halarta ba.



Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna da wakilansu, malamanmu, shugabannin kasuwanni, 'yan'uwana 'yan kasuwa na Iddo da Agege da Mile 12 da Alaba Rago, da kuma 'ya'yanmu matasa da na hango can baya, ina yi wa kowa barka da zuwa, tare da fatan mun baro iyali lafiya.

Bayan haka, ranar da sakatare ya same ni a rumfa ya ce ni ne zan yi magana a kan kwamfuta a wannan zama, dariya na yi, na ce masa ko dai ya yi ɓatan kai ne. Ni ba ɗan boko ba ne. Karatuna na allo ne, sai Islamiyya, ɗan abin da na iya na boko kuwa a bakin buhu na tsince shi. Ya ce ai shi ya sa aka zaɓe ni, domin in yaro mai digiri ya tsaya ya yi bayani, dattawa za su ce wannan harkar yara ce, amma in mai furfura irina ya ce ya iya, to ba sauran mai uzuri. Na ga maganarsa gaskiya ce. Gemu dai ba ya hana ilimi. Saboda haka ina roƙon malamai da masana su yi mini afuwa a duk inda harshe ya karkace.

Abu ɗaya tak zan yi magana a kai, wato yadda mutum zai sa littafin bashinsa na kwamfuta ko na waya ya riƙa canza launi da kansa: bashin da ranar biyansa ta wuce ya koma ja, wanda ranarsa ta kusa ya koma rawaya, wanda aka gama biya ya koma kore. Amma kafin in faɗi yadda ake yi, bari in faɗi abin da ya kai ni ga koyonsa.

KASUWARMU A KAN BASHI TAKE

Jama'a, kowa a nan ya san tarihin zamanmu a Ikko tare yake da layin dogo. An fara shimfiɗa shi daga nan a 1896, ya kai Ibadan a 1901, sannan a 1912 aka haɗe shi har Kano. Tashar da jirgi ke ƙare tafiyarsa kuwa ita ce wannan ta Iddo da muke kasuwa a gefenta. Iyayenmu sun gangaro da shanu da wake da sauran kayan Arewa, sun koma da goron Agege da na Shagamu. Ni kaina a wannan tasha na sauka a 1991, shekarar da aka mayar da babban birnin ƙasa Abuja, da 'yar jakata, na shiga hannun maigidana, Allah Ya jiƙansa.

Tun daga wancan lokaci har yau, abu ɗaya bai canza ba: kasuwarmu a kan amana da bashi take tafiya. Mutumin Dawanau zai loda maka tirela, ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000, bai karɓi ko rabin kuɗinsa ba. Kai kuma ka sauke a sito, matan kasuwar Oyingbo da Mushin da Oshodi su zo su ɗiba, wannan buhu biyar, waccan buhu goma, a yi alkawarin mako biyu ko uku. In sun biya ka, ka biya na Arewa, shi kuma ya biya manomi da dillali da mai mota. Sarƙa ce. In zobe ɗaya ya tsinke a Iddo, sai a ji zafinsa a ƙauyen da ko sunansa ba mu sani ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Mu kuwa da muka zauna gaban malamai mun san aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, wato aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka. Ta umarce mu da rubuta shi, da sanya masa lokaci sananne, da kafa shaidu. Alhamdu lillahi, rubutu kam muna yi. Maigidana da ajami yake nasa, ni na gaji littafin na ci gaba da boko. To amma ga inda gizo ke saƙa: littafi ba ya magana. Ka rubuta a shafi na 40, ciniki ya tura ka shafi na 90, abin da ke shafi na 40 ya kwanta barci, ba zai tashe ka ba sai ranar da ka tashe shi.

ABIN DA YA SAME NI A 2023

Ba wanda ya manta da wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin N200 da N500 da N1,000. A watannin Janairu da Fabrairu na shekarar, kuɗin hannu ya ɓace a kasuwa, kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Wanda a da zai zo ya ƙirga maka kuɗinka gaba ɗaya ka soke sunansa, sai ya koma turo maka kaɗan-kaɗan, yau dubu hamsin, jibi dubu talatin, wani ma da asusun ɗansa ko na maƙwabcinsa. Waya na ta ƙara, littafi na ta cika, kai kuma ɗaya ne.

A cikin wannan ruɗani abu biyu suka same ni. Na farko, wata mai sayar da abinci ta ɗauki buhu 15, ta biya kusan rabi, muka yi da ita saura bayan mako uku. Shafinta ya nutse. Ban sake tunawa ba sai bayan wata biyar, ina neman wani abu daban na ci karo da shi. Da na aika yaro, sai ya tarar ta tashi daga shagon, an ce ta koma garinsu. Ban ce ta cuce ni ba, domin da na tuntuɓe ta a kan lokaci, tana nan, kuma tana ciniki. Ni na yi sakaci. Wannan giɓi shi ya sa na saɓa alkawari da mutumin da ke turo mini kaya daga Kano, wanda muka fi shekara ashirin tare ba a taɓa jin kanmu ba. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, “Alhaji, ba haka muka saba ba.” Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na biyu ya fi ciwo. Wata dattijuwa, wadda tun zamanin maigidana take sayen kaya a rumfarmu, na tare ta a gaban mutane na ce ina bin ta saura. Ta rantse ta biya, na ce littafi bai nuna ba. Ta tafi ta dawo da jikarta, aka buɗe waya, ga shaidar biya nan ƙarara, kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Ni ne ban soke ba. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma har yau in ta zo sai na ji nauyin haɗa ido da ita.

A daren nan 'yata, wadda ta yi karatu a kwalejin fasaha ta Yaba, ta gan ni na tasa littattafai uku a gaba na yi tagumi. Ta ce, “Baba, ka ba ni kwana biyu.” Abin da ta koya mini shi ne zan mayar muku yanzu.

MENE NE JADAWALIN LISSAFI?

Manhaja ce da in ka buɗe ta za ka ga shafi an tsaga shi gida-gida kamar gidan dara. Layukan tsaye suna da haruffa, A, B, C, har gaba. Layukan kwance suna da lambobi, 1, 2, 3, har ƙasa. Saboda haka kowane gida yana da sunansa: C2 shi ne gidan da layin C ya haɗu da layi na 2. Kamar dai adireshi ne, sunan titi da lambar gida.

Abin ba sabo ba ne. Na farkonsa da ya yaɗu a kan ƙananan kwamfutoci, mai suna VisiCalc, ya fito a Amurka a 1979. Kamfanin Microsoft ya fito da nasa, Excel, a 1985, Google kuma ya kawo Google Sheets a 2006, wanda kyauta ne kuma yana aiki a wayar Android da ke aljihun yawancinmu. Dabarar launin da muke magana a kai ta shigo Excel ne a fitowar 1997. A lokacin sharaɗi uku kawai ake iya sa wa gida, sai a fitowar 2007 aka cire wannan iyaka. A kan allo da Turanci za ku ga an rubuta “Conditional Formatting”. Ni dai ina kiransa launi bisa sharaɗi. Mu 'yan Islamiyya ai mun san sharaɗi tun a babin alwala da salla: in sharaɗi ya cika, hukunci ya tabbata, in bai cika ba, babu. To haka wannan yake. Kai ne za ka kafa sharaɗin sau ɗaya, ita kuma na'ura ta riƙa dubawa kullum ba gajiya.

SHIRYA LITTAFIN

Matasa, ku fito da biro. A layi na 1, a rubuta kanun abubuwa shida. A gidan A1, Suna. A B1, Kaya. A C1, Jimillar kuɗi. A D1, Abin da aka biya. A E1, Saura. A F1, Ranar alkawari. Daga layi na 2 zuwa ƙasa, kowane bashi layinsa guda. Ko mutum ɗaya ne ya ɗauki kaya sau uku, a ba shi layi uku, domin kowane ɗauka da ranarsa.

Layin E ba a rubuta masa kuɗi da hannu. A gidan E2 sai a rubuta wannan:

=C2-D2

Ma'ana, a cire abin da aka biya daga jimilla. Misali, in C2 na ɗauke da 500000, D2 kuma 200000, nan take E2 zai nuna 300000. Sai a kwafi gidan E2 a liƙa shi tun daga E3 har E500, kowane layi zai riƙa yin nasa lissafin. In mutum ya ƙaro biya, ba sai ka goge na farko ba. A gidan D sai ka rubuta =200000+50000, ka ga ka san sau biyu ya biya, kuma ka san nawa-nawa.

KAFA SHARAƊIN JA

A Excel na kwamfuta, sai ka zaɓi gidaje tun daga A2 har F500, ka fara daga A2. A sama, ƙarƙashin “Home”, ka danna “Conditional Formatting”, sannan “New Rule”. Jerin zaɓi zai fito, ka ɗauki na can ƙarshe, wanda ya fara da “Use a formula”. A Google Sheets kuwa, ka shiga “Format”, ka danna “Conditional formatting”, ka tabbata an rubuta A2:F500 a wurin da ake tambayar iyakar gidaje, sannan cikin jerin sharuɗɗa ka gangara ka zaɓi “Custom formula is”. A akwatin da ya buɗe, ko a wannan ko a wancan, ga abin da za a rubuta:

=AND($E2>0,$F2<>"",$F2<TODAY())

Kada tsoro ya kama kowa, magana ce irin tamu aka taƙaita. Kalmar AND tana nufin dole duk sharuɗɗan da ke ciki su cika gaba ɗaya. Na farko, $E2>0, wato akwai sauran kuɗi. Na biyu, $F2<>"", wato an rubuta ranar alkawari, gidan ba fanko ba ne. Na uku, $F2<TODAY(), wato ranar ta riga ta wuce, domin TODAY yau ke nan. In ukun nan suka haɗu, to a shafa launi. Sai ka zaɓi ja, a Excel ta hanyar “Format” sannan “Fill”, ka danna “OK”, a Google Sheets kuma ka taɓa ɗan bokitin fenti ka danna “Done”.

Na ga 'yan canji sun ɗago kai da suka ji alamar dala. To ba taku ba ce. Aikin wannan alama a nan shi ne ɗaure layi, kamar yadda ake ɗaure akuya a turke. Da ka sa ta gaban E da F, kana gaya wa na'ura cewa ko a kan suna take, ko a kan kaya, ta leƙa layin E da F kafin ta yanke hukunci. Shi ya sa layin mutum gaba ɗaya ke yin ja, tun daga sunansa har ranarsa. Lambar 2 kuwa ba a ɗaure ta, domin ana so ta riƙa sauka, a layi na 3 ta zama 3, a na 4 ta zama 4. In ka manta da alamar, launi zai warwatse inda bai dace ba. In kuma ka ɗaure har da lambar, to duk littafin zai bi hukuncin mutum na farko, in ya yi ja kowa ya yi ja.

SAURAN LAUNUKA

Haka za a sake bi a ƙara sharaɗi na biyu, na rawaya, a kan gidajen nan dai:

=AND($E2>0,$F2>=TODAY(),$F2<=TODAY()+7)

Wato akwai saura, ranar ba ta wuce ba, amma tana cikin kwana bakwai masu zuwa. Dalilin da ya sa ake iya ƙara 7 a kan yau shi ne, a wurin na'ura kwanan wata lamba ce kawai. Excel yana ƙirga kwanaki ne tun daga 1 ga Janairu 1900, kowace rana ya ƙara ɗaya. Wanda cinikinsa ke juyawa da sauri, kamar 'yan'uwanmu na tumatir da tattasai a Mile 12, yana iya mayar da 7 ta koma 2. A wurina wannan rawaya ta fi jan amfani, domin rigakafi ya fi magani. Da na ga suna ya yi rawaya, sai in buga waya mu gaisa, in tambayi kasuwa, in ce Allah Ya kai mu ranar Talata. Ba faɗa, ba ɓacin rai, mutum ya fara shiri.

Na uku, kore, ga wanda ya sauke nauyi:

=AND($C2>0,$E2<=0)

Wato an ɗauki kaya, kuma babu saura. Da ina da wannan kore a 2023, da ban kunyata dattijuwar nan ba.

Na huɗu ni na roƙi 'yata ta ƙara mini, na shuɗi:

=AND($E2>0,$F2="")

Wannan shi ne bashin da aka bayar ba a yanka masa rana ba, irin na “sai na waiwayo ka”. Ranar da muka kunna shi, layi goma sha uku suka yi shuɗi a littafina. Ni da nake karanta ayar da ta ce a sanya lokaci sananne, ashe ga inda nake saɓa mata ban sani ba. Yanzu in na ga shuɗi, sai in kira mai shi mu tsayar da rana.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Excel ɗinsu ke da Faransanci, a wurinku AND shi ne ET, TODAY kuma AUJOURDHUI, sannan a maimakon waƙafi ana raba sharuɗɗan da waƙafi mai ɗigo a sama.

Da an gama, a jarraba. A ƙirƙiri layi na ƙarya, a sa saura, a sa ranar jiya, a ga ko ya yi ja. A mayar da ranar ta koma jibi, a ga rawaya. A cike kuɗin, a ga kore. Gani ya kori ji. In ya yi daidai sai a goge layin gwajin, amma a bar lissafin da ke gidan E.

Masu son lura da kayan sito ma haka ne, har ya fi sauƙi. A wani shafi daban a jera irin kaya da yawan buhunan da suka rage, a zaɓi layin buhunan, a ɗauki sharaɗin “Less Than”, a rubuta 20 ko duk adadin da mutum ya ga dama. Da kaya sun yi ƙasa da haka gidan zai canza launi, ka san lokacin kiran Dawanau ya yi tun kafin sito ya zama fanko.

RAMUKAN DA NA FAƊA

Zan faɗi guda biyar, domin duk na faɗa cikinsu, ba sai kun bi ni ba.

Na ɗaya, rubuta rana da baki. In ka rubuta “Juma'a mai zuwa” ko “bayan Salla” a layin F, na'ura ba ta san wannan rana ce ba, kuma ba za ta yi maka gardama ba. Shiru za ta yi, layin ba zai taɓa yin ja ba har abada. Wannan shi ne rami mafi haɗari, domin kana ganin fari kana zaton lafiya. Alamar ganewa ita ce, ranar da na'ura ta karɓa tana jingina ta dama a cikin gidanta, wadda ta ɗauka a matsayin zance kuwa tana jingina ta hagu.

Na biyu, juyin wata da rana. Mu in mun rubuta 3/4 muna nufin 3 ga Afrilu. Mutanen Amurka kuwa wata suke fara rubutawa, a wurinsu 4 ga Maris ke nan. Kwamfutoci da yawa da ake saye a Computer Village ta Ikeja da tsarin Amurka suke zuwa. A sa yaro ya gyara tsarin ƙasa ya koma na Nijeriya ko na Ingila, ko kuma a sa layin F ya riƙa nuna sunan wata da haruffa, yadda ido zai kama kuskure nan take.

Na uku, ƙawata kuɗi. Kada a rubuta N a gaba, kada a rubuta 50k irin na yaran zamani. Lamba zalla ake so, 50000. In ba haka ba gidan Saura zai nuna alamar kuskure, launi kuma ya ƙi fitowa.

Na huɗu, agogon kwamfuta. Excel daga agogon na'urarka yake sanin yau. Tsohuwar kwamfutar da batirin agogonta ya mutu tana iya komawa shekarun baya, sai ka ga ba ja ko ɗaya, ka yi ta murna a banza. A riƙa duba kwanan watan da ke kusurwar allo.

Na biyar, ido. Akwai mutane, galibi maza, da Allah Ya halicce su ba sa bambance ja da kore sosai, kuma da yawa ba su ma san haka suke ba. Saboda haka a sharaɗin ja, a haɗa da kaurara rubutu, yadda ko an buga a takarda baƙi da fari za a gane. Kuma a zaɓi launi mai haske, kada ya rufe rubutun.

LADUBBAN JA

Yanzu na zo inda ya fi damuna, ina roƙon a ba ni kunne. Na'ura ta san rana ta wuce, amma ba ta san dalili ba. Ba ta san wane an yi masa rasuwa ba, ba ta san shagon wance ya ƙone ba, ba ta san an tashi kasuwarsu ba. Ja ba hukunci ba ne, tuni ne. In ka gan shi, abin da ya ce maka shi ne ka tambaya. In mai hali ne yake ja maka rai, to Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira jinkirin mawadaci zalunci, ka nemi haƙƙinka ta hanyar da ta dace, ga shugabannin kasuwa nan, ga sarakunanmu. In kuwa matsi ne ya same shi, aya ta 280 a wannan sura ta Baƙara ta yi umarni da a saurara masa har ya samu sauƙi. Sai ku sake yanka rana, ka canza ta a layin F, jan ya sauka da yardarka.

Sannan wannan shafi sirri ne. Kada wani ya ɗauki hotonsa ya watsa a zauren WhatsApp na kasuwa don ya tozarta mutane. Mu baƙi ne a garin nan, shekara sama da ɗari muna cin arziki da maƙwabtanmu Yarabawa da sauran ƙabilu a kan mutunci. Ranar da aka san rumfarka da tona asiri, ranar ciniki ya fara yi maka sallama. A sa wa waya da kwamfuta makulli, kuma a san yaron da ake ba wa.

Har ila yau, kada a jefar da littafin takarda. Kwamfuta ba shaida ba ce, abin da ka zuba mata shi take mayar maka. Sa hannun mai karɓar kaya da shaidu suna nan a matsayinsu. Ni yadda nake yi, da rana a rubuta a littafi, bayan sallar isha'i a zuba a na'ura, minti goma sha biyar ya isa. In ka yi kwana uku ba ka zuba ba, to launin da kake gani ƙarya yake maka, kuma kai ka sa shi. A kuma riƙa ajiye kwafi a wani wuri, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta a cikin danfo.

Daga ƙarshe, ga abin da ban yi zato ba. Da muka gama shafin waɗanda nake bi, sai 'yata ta ce, “Baba, saura na waɗanda suke bin ka.” Na yi shiru, sannan na ce a buɗe. Muka jera su da sharuɗɗan nan guda huɗu: mutumin Kano, mai tirela, mai sito, har da kuɗin 'yan dako da na ce sai gobe. Jama'a, ja na farko da ya fito a wannan shafi, haƙƙin wani direba ne da ya kwana tara a hannuna, ba don babu ba, sai don mantuwa. A daren na tura masa. Tun daga ranar, in na buɗe na'ura da safe, shafin da ake bi na nake fara dubawa kafin in leƙa wanda nake bi. Ina ba kowa shawara ya yi haka, domin bashi ne abin da ake tambaya a kai tun gawa tana gaban liman, kuma magada ba za su biya abin da ba su gani a rubuce ba.

Ina kira ga matasanmu da suka iya, kowa ya zaunar da mahaifinsa ko maigidansa ya shirya masa wannan, ba zai ci muku awa guda ba. Amma ku bar shi ya danna da hannunsa, kada ku riƙe abin a wurinku ya zama sai kuna nan. Dattawa kuma a daure a tambaya, ba abin kunya ba ne. Wanda ya biyo ta Iddo, rumfata a buɗe take bayan la'asar, in nuna masa nawa, amma fa zan rufe layin sunaye.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne. Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya biya wa mai bashi bashinsa, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya jiƙan iyayenmu da suka share mana wannan hanya.